Madatsar Mambila: megawat 3,050 a takarda, nawa zai iso gida, wa kuma zai biya?

A ƙarshen watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin arewacin Najeriya suka kwashe fiye da mako guda babu ko ƙyallin wutar lantarki, nakan zauna da yamma a bakin shagon wani maƙwabcina mai walda. Ƙofofin ƙarfe uku ne jingine da bango, an yanka an jera, ba a liƙe ba. Yaransa biyu suna zaune a kan benci babu abin yi. Ɗan janareton da yake da shi ba ya jure injin walda, ga litar fetur ta haura naira dubu. A tsallaken titi mai cajin waya ya ninka kuɗinsa, amma layi bai ragu ba. Duk wanda ya tsaya aka taɓa hira, da wuya a rabu bai ce, "Ai da an yi Mambila da ba mu ga wannan rana ba."

Ni ma na sha faɗin haka. Sai dai abin da ya jefa mu cikin duhu a makon nan ba ƙarancin wutar da ake samarwa ba ne. Waya ce ta yanke. An lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin kuma da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos ya sami matsala, shi ke nan arewa ta rasa hanyar da wuta za ta bi ta zo mata. Tun daga lokacin na fara bin maganar Mambila da alƙalami da takarda, domin abin da aka shekara kusan hamsin ana yi mana alkawarinsa ya cancanci a yi masa lissafi na tsanaki, ba a bar shi a matsayin abin da ake ambata duk sanda aka ɗauke wuta ba.

Tsaunin Mambila yana ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, dab da iyakar Kamaru. Wanda ya taɓa hawa daga Serti ya bi ta Mayo Selbe ya san yadda hanyar take nannaɗe da jikin dutse, mota tana nishi, kunne yana toshewa, har a fito saman wani fili mai sanyi da ciyawa shar, shanu ko'ina, ga gonakin shayi a Kakara, kafin a ƙarasa Gembu. Wannan tsayin shi ne jarin aikin. Wutar da ake samu daga ruwa abu biyu ne ke haifar da ita: yawan ruwan, da kuma nisan da ya faɗo kafin ya bugi injin. A Kainji ruwan Kwara yana da yawa amma faɗowarsa 'yan mitoci goma-goma ce. A Mambila kuwa ruwan kogin Donga da rassansa bai kai haka yawa ba, amma za a tara shi a sama da madatsu huɗu, a zura shi cikin ramukan da za a fafe a cikin dutse, ya gangaro kusan mita 1,000 zuwa ɗakin injuna a ƙarƙashin ƙasa. Ta fuskar injiniyanci wuri ne da Allah ya yi wa baiwa, wannan babu mai musu.

Tun shekarun 1970 ake zancen. An yi bincike, an sake bincike, gwamnatoci sun zo sun wuce. A watan Nuwamban 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sa hannu a kwangilar dala biliyan 5.8 da haɗakar kamfanoni uku na ƙasar Sin, a kan cewa bankin Exim na Sin zai ba da bashin kashi 85 cikin 100, Najeriya ta kawo 15. Aka ce megawat 3,050, da layukan wuta na kimanin kilomita 700. Har Buhari ya sauka a 2023 ba a zuba kankaren madatsar ba.

Masu goyon bayan aikin suna da hujja mai ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a yi musu riƙon sakainar kashi. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 a yawancin ranaku. Mafi yawan wannan daga iskar gas yake, tashoshin kuma kusan duk a kudu suke, kusa da inda gas ɗin yake. Arewa maso gabas ita ce wutsiyar layin, wutar da ke isa Maiduguri da Yola ta yi doguwar tafiya ta galabaita. Babbar tasha a Taraba za ta sa yankin ya sami tushen wuta a kusa da shi. Ruwa kuma ba a sayensa kamar gas, ba a fasa bututunsa, ba ya hayaƙi. Kainji tun 1968 take aiki, Jebba tun 1985, Shiroro tun 1990, kuma har gobe wutarsu tana cikin mafi araha a ƙasar. Madatsa idan ta ginu da kyau jikoki ma za su ci moriyarta. Suna ƙarawa da cewa hanya da asibiti da kasuwa za su biyo aikin zuwa yankin da aka daɗe da mantawa da shi. In ka ce musu aikin ya yi tsada, sai su ce rashin wutar ya fi tsada, su nuna maka masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai da suka rufe. Ina jin wannan magana har cikin raina, domin na ga ƙofofin nan uku jingine da bango.

To amma mu tsaya a kan adadin nan na 3,050, domin a nan ne na ga an fi barin jama'a cikin duhu. Megawat ƙarfin injin ne idan an buɗe masa ruwa gaba ɗaya. Abin da ke zuwa gidanka kuwa yunit ne, wato abin da mita ke ƙirgawa. A shekara akwai awa 8,760. Da a ce injunan Mambila za su yi ta juyawa dare da rana da cikakken ƙarfinsu, da sun ba da yunit kusan biliyan 27 a shekara. Alƙaluman da aka riƙa bayyanawa game da aikin kuwa kimanin yunit biliyan 5 suke cewa. Bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Idan ka baje wannan a kan shekara duka, tamkar tasha ce mai ba da ƙasa da megawat 600 ba tsayawa. Dalilin a fili yake: ruwan da ke sauka a tsaunin ba zai iya ciyar da injunan duka a kowane lokaci ba. An tsara tashar ne ta tara ruwa, sa'an nan ta saki da ƙarfi na 'yan awoyi a lokacin da buƙata ta fi yawa, kamar daga magariba zuwa tsakar dare.

Wannan ba aibu ba ne a karan kansa. Tashar da za a iya kunnawa cikin mintoci ta cike giɓi abu ne mai daraja, musamman in an haɗa ta da sola: rana ta ɗauki nauyin yini, ruwa ya karɓi dare. Amma mai walda da mai niƙa da mai injin casar shinkafa da suka ji an ce Mambila za ta ƙara fiye da rabin wutar ƙasar nan, su wutar yini suke tsammani, ta safe zuwa yamma. Ya kamata a gaya musu gaskiyar abin da za a saya da sunansu.

A kwatanta da Zungeru a jihar Neja, wadda aka kammala a 2023. Megawat 700 ce, ta ci kimanin dala biliyan 1.3, ana kuma sa ran yunit biliyan 2.64 daga gare ta a shekara. Ke nan Mambila za ta ci kuɗin Zungeru fiye da sau huɗu, ta ba da wutar da ba ta wuce ninki biyu ba. Gaskiya ne kuɗin Mambila ya haɗa da dogayen layuka, amma ai layukan ma dole ne a biya su, nisan wurin yana cikin tsadarsa. Shi ya sa da ministan wuta na lokacin, Saleh Mamman, ya sanar a 2021 cewa an rage aikin zuwa megawat 1,525, ban ga abin baƙin ciki ba, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka an yi wa arewa ƙwange. Ruwan dai shi ne, injuna aka rage. Abin lura kawai shi ne raba ƙarfin biyu bai raba kuɗin biyu ba, kimanin dala biliyan 1 aka ce za a rage, domin madatsun da ramukan da hanyar duk suna nan.

Sai maganar dala. A 2017 farashin gwamnati kusan naira 305 ne kan dala ɗaya, wato kwangilar ta kama wajen naira tiriliyan 1.8. A 2024 dala ta haura naira 1,500, kwangilar nan ɗaya ta koma kusan tiriliyan 8.7 ba tare da an ƙara ko bulo ɗaya ba. Bashin da dala ake biyansa, wutar kuma da naira ake sayar da ita ga mutanen da albashinsu bai ninka sau biyar ba. Giɓin da ke tsakani ko dai a ɗora shi a kan kuɗin wuta, ko a kan baitulmali, kowanne kuwa aljihun talaka ne. Mun ga yadda aka ji a jika a watan Afrilun 2024 da aka mayar da yunit naira 225 ga masu rukunin A, wato waɗanda ake ba su wuta mafi tsawon lokaci a rana. Kasuwar wutar ita kanta ba ta iya biyan abin da take karɓa yanzu, kamfanonin da ke samar da wuta suna bin bashin tiriliyoyin naira. Duk bankin da zai zuba biliyoyin daloli dole ya tambaya, wa zai sayi wutar nan ya biya a kan kari?

Kuma dala biliyan 5.8 ɗin farashin ranar sa hannu ne. A 2014 wasu masana a Jami'ar Oxford, Atif Ansar da Bent Flyvbjerg da abokan aikinsu, sun bi diddigin manyan madatsu 245 da aka gina a ƙasashe 65 tsakanin 1934 da 2007. Suka tarar cewa a matsakaici kuɗin da aka kashe ya zarce ƙiyasin farko da kashi 96 cikin 100, lokacin ginin kuma ya ƙaru da kashi 44. Masu harkar madatsu sun soki binciken, sun ce bai ba amfanin dogon zango haƙƙinsa ba. Ko da an rage wani abu daga ciki, dalilan da ke kawo ƙarin sanannu ne, kuma Mambila tana da su duka: ba ka sanin abin da ke cikin dutse sai ka fafe shi, hanyar kai manyan kaya sai an gina ta, kuɗin ƙasa yana faɗuwa, gwamnati tana sauyawa a tsakiyar aiki.

Tun kafin a kai ga dutsen ma, takarda ta riga ta ci mu. A watan Mayun 2003, ana dab da ƙarewar wa'adin farko na Olusegun Obasanjo, ministan wuta Olu Agunloye ya ba kamfanin Sunrise Power wasiƙar kwangilar gina tashar. Obasanjo ya ce shi bai amince da hakan ba. Da aka ba kamfanonin Sin aikin a 2017, Sunrise ya kai Najeriya gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci ta duniya da ke Paris yana neman fiye da dala biliyan 2.3. A 2020 aka yi maganar sulhu a kan dala miliyan 200, ba a biya ba, wata sabuwar ƙara ta taso daga nan. A watan Janairun 2025 tsofaffin shugabannin ƙasa biyu, Obasanjo da Buhari, suka je Paris ba da shaida. Hukumar EFCC ta gurfanar da Agunloye a 2024 a kan wannan kwangila, ta kuma gurfanar da Saleh Mamman a shekarar a kan zargin karkatar da naira biliyan 33.8 da ke da alaƙa da ayyukan Mambila da Zungeru. Dukansu sun musanta zargin a ranar da aka karanta musu. Masu ba da bashi kuwa ba sa sakin kuɗi a kan aikin da ake jayayyar mai shi. Wannan ma haɗari ne na babban aiki: inda kuɗi suka taru da yawa a wuri ɗaya, hannuwa da yawa ne ke miƙowa, kuma sa hannun mutum ɗaya yana iya ɗaure ƙasa shekara ashirin.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu lissafin Abuja ne. Akwai wani lissafin da ya fi damuna, wanda ba kasafai yake shiga kasafin ba, shi ne na mutanen da ruwan zai hau kansu da kuma waɗanda zai daina zuwar musu.

Mu a arewa ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. Da aka cika tafkin Kainji, kimanin mutum 44,000 aka tayar. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa yau. Gungawan ƙasar Yawuri da ke noman albasa a tsibiran kogi, suna ban ruwa da hannu tun kaka da kakanni, an kwashe su zuwa tudu, an gina musu gidaje, amma ba a iya gina musu ƙasar da ambaliya ke sabunta wa taki duk shekara ba. Dokar kafa hukumar kula da yankunan da ke samar da wutar ruwa, wato HYPPADEC, sai a 2010 aka yi ta, fiye da shekara arba'in bayan Kainji, sa'an nan ta ɗauki wasu shekaru kusan goma kafin ta fara aiki. A tsawon wannan lokaci akwai ƙauyukan da ke kallon manyan wayoyi suna wucewa ta saman rufinsu su kuwa suna kunna aci-balbal.

Bakolori ta fi ciwo. Ba don wuta aka fi gina ta ba, don noman rani ne, amma darasinta na kowace babbar madatsa ne. An kammala ta a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara. Aka tayar da dubban mutane daga inda tafkin ya kwanta, aka karɓe gonaki don a baje su a yi magudanai, manoma suka yi damuna ba su shuka ba, aka sare itatuwan da suke ci daga jikinsu, diyya kuma ta zama abin jeka-ka-dawo. Da suka gaji suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da wani abu ne suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suna cewa ɗaruruwa ne. A ƙasa da madatsar kuma, fadamar da ke dogaro da cikar kogi ta daina samun ruwa yadda ta saba, shinkafa ta ja baya, kifi ya ragu. Waɗannan ba a tayar da su daga gidajensu ba, saboda haka ba su cikin jerin masu karɓar diyya, amma abincinsu aka taɓa.

Haka zancen yake a Haɗeja da Nguru. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun ba Kano ruwan sha da noman rani a Kadawa da Kura, wannan alheri ne da ake gani da ido. Amma sun canza numfashin kogin Haɗeja. Da can yakan cika da damuna ya malala, ya janye da rani ƙasa ta sha iska. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki da ke wawushe hatsi. Jayayyar da ta hana ƙarasa madatsar Kafin Zaki a Bauchi ke nan: mutanen Yobe da Borno sun ga abin da ya faru, suna tsoron a tare musu kogin Jama'are ma. Hukumar da ta yi nazarin madatsun duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2000 cewa mutum miliyan 40 zuwa 80 madatsu suka raba da muhallansu, ban da na ƙasan kogi irin waɗannan.

A Mambila ana ƙiyasta kusan mutum 100,000 aikin zai shafa. Tsaunin kuma ba fili ne da ba mai shi ba. Mambilawa suna noma a cikin kwaruruka, Fulani suna kiwo a kan tuddai, kuma maganar ƙasa a tsakaninsu ta riga ta yi tsami, rikicin watan Yunin 2017 ya ci rayuka da dukiya mai yawa. Ruwan madatsa kwari yake fara cikawa, wato ƙasar noma mafi kyau. Manomin da aka tayar daga kwari tudu zai hau, tudun kuwa makiyayar wani ce. Ga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ba ta biyan diyyar ƙasar ita kanta sai abin da aka gina ko aka shuka a kanta. Mai gidan kwano da itatuwan kofi zai sami wani abu. Makiyayin da dukiyarsa ciyawa ce da mashaya da burtali, me za a ƙirga masa? Matar da ke noma gonar da ba sunanta a kai fa? Idan aka yi wannan rabo da gaggawa ko da son kai, to an kunna wutar da ta fi ta injin daɗewa. Mutanen ƙasan kogi ma, daga gindin tsaunin har garin Donga zuwa inda ya haɗu da Binuwai, suna da tambaya. Tashar da ke tare ruwa da rana ta sake shi da dare tana sa kogi ya riƙa hawa da sauka a cikin yini ɗaya. Mai kwale-kwale da masunci da mai lambu a bakin ruwa da yaran da ke wanka duk sai rayuwarsu ta bi jadawalin ɗakin injin.

Sai amanar ruwan kansa. A 2024 fari ya sa tafkin Kariba ya ja baya har mutanen Zambiya, waɗanda suka dogara kusan kacokan ga wutar ruwa, suka riƙa yin awa 21 a rana babu wuta. Madatsa ana tsara ta ne da alƙaluman ruwan saman shekarun baya, damuna kuwa ta daina bin tsohuwar al'adarta. In ruwan ya yi yawa ma wata masifar ce. Duk shekarar da aka buɗe Lagdo da ke kusa da Garwa a Kamaru, mutanen Adamawa da Taraba da Binuwai ba sa barci. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, kuma madatsar Dasin Hausa da aka ce za a gina a Adamawa don ta tare wannan ruwa tun shekarun 1980 har yau babu ita. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye rabin Maiduguri cikin dare. Alau ƙarama ce in aka kwatanta da abin da ake shirin yi a Mambila. Gina madatsa alkawari ne na kula da ita shekara ɗari, a duba tsagewa, a gyara ƙofofi, a kwashe laka, a sanar da na ƙasa kafin a saki ruwa. Tarihinmu a wannan fanni ba mai kwantar da hankali ba ne.

Ana yawan cewa, to ai ga Habasha ta yi. Gaskiya ne. Ta fara babbar madatsarta a kan kogin Nilu a 2011, ta ƙaddamar da ita a watan Satumban 2025, megawat 5,150, duk da adawar Masar da ƙorafin Sudan. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne yawancin kuɗin daga cikin gida ya fito, ma'aikata sun ba da daga albashinsu, 'yan ƙasa na gida da na waje sun sayi takardun lamuni. Duk da haka shekara 14 ta ɗauka, kuma har yanzu miliyoyin Habashawa ba su da wuta a gida saboda layukan rabawa ba su kai gare su ba. Maƙwabtanmu na Nijar kuma suna da nasu Mambilan, wato Kandaji a jihar Tillaberi, megawat 130. An aza harsashinta a 2008 zamanin Tandja Mamadou, kwangilar farko da wani kamfanin Rasha ta rushe, kamfanin Gezhouba na Sin ya karɓa a 2019, aikin ya tsaya bayan juyin mulkin 2023 da masu ba da kuɗi suka janye. A daidai lokacin Najeriya ta yanke wa Nijar wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi. Wanda ya zauna a Yamai ko Maraɗi a watannin nan ba sai an yi masa bayanin dalilin da ya sa ƙasa ke son tashar kanta ba, ko nawa za ta ci.

Ni dai ba na cikin masu cewa a binne maganar Mambila. Faɗowar ruwa ta kusan mita 1,000 ba a samunta ko'ina, kuma ranar da sola ta yawaita a arewa za mu buƙaci abin da zai riƙe mana dare. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jerin da ake bi. A 2016 an sa hannu da kamfanoni 14 a kan tashoshin sola da suka haura megawat 1,000, yawancinsu a arewa, suka maƙale a kan jayayyar farashi da lamunin biya. Irin waɗannan ana gina su cikin shekara ɗaya ko biyu, kaɗan-kaɗan, kusa da masu amfani, in ɗaya ta lalace ba ta tafi da sauran ba. Madatsar Dadin Kowa a Gombe ta shekara fiye da talatin tana tsaye kafin a sa mata injunan megawat 40. Akwai madatsu da dama da an riga an gina, an riga an tayar da mutanensu, ruwa yana zuba a banza. Ga kuma layin da zai kawo wuta arewa ta hanya fiye da ɗaya ko biyu, wanda rashinsa ne ya zaunar da maƙwabcina. Kuɗin waɗannan duka bai kai na Mambila ba, kuma su ne za su sa wutar Mambila ta sami hanyar bi da mai saye in ta zo.

Idan za a koma kan tsaunin, a koma da ƙaramin tsarin nan na megawat 1,525 ko abin da ruwan ya nuna zai iya ɗauka bayan an sake auna shi da alƙaluman shekarun nan. A buga kwangilar da sharuɗɗan bashin kowa ya karanta. A ƙirga mutane gida-gida da ruga-ruga tare da masu unguwanni da arɗo-arɗo, a fayyace inda kowa zai koma da ƙasar da zai noma ko ya yi kiwo, a biya kafin katafila ta farko ta hau dutsen, ba bayan ruwa ya fara taruwa ba. A rubuta a cikin yarjejeniyar cewa Gembu da Nguroje da ƙauyukan da aka tayar su ne farkon waɗanda za a ja wa waya, da wani kaso na kuɗin wutar da zai riƙa komawa gare su duk shekara. A kuma rubuta adadin ruwan da dole a bar wa kogin Donga ko da rani ya yi tsanani, da wanda zai busa ƙaho ya sanar da masunta kafin a buɗe injuna da magariba.